TAUSA DA GASHIN ƘASHI: WA ZAI BIYA KUƊIN?



Jikin manomi shi ne jarinsa na fari. Kafin taki, kafin iri, kafin shanun huɗa, sai da baya mai lafiya da gwiwa mai ƙarfi. Duk wanda ya yi shekaru yana sunkuye da fartanya ya san ciwon ƙugu. Matanmu da ke daka, suna ɗaukar itace da ruwa a ka, sun san ciwon wuya da na kafaɗa. Wani ya faɗo daga kan amalanke, wani babur ya kayar da shi a hanyar kasuwa, wani dattijo kuma hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki. In irin wannan ya sami mutum a farkon damina, gonarsa ce za ta kwana.

Saboda haka 'yan ƙungiyoyin gama kai sukan yi tambaya: in mun shiga inshorar lafiya, za ta biya mana kuɗin tausa? Amsar ita ce, akwai tausar da ake biya, akwai wadda ba a biya. Wadda ake biya ma, sai an bi wasu matakai daki daki. Wanda ya tsallake ɗaya, daga aljihunsa zai biya. Bari mu bi maganar a hankali.

Tausa iri biyu

Iri na fari ita ce tausar gida, wadda muka gada. Yaro ya taka wa kakansa baya da dare. Ungozoma ta gasa wa mai jego jiki da ruwan zafi. Mai ɗori ya murza targaɗe da man shanu ko man kaɗanya, ya ja gaɓar da ta goce. Wanzami ya kafa ƙaho a inda ke ciwo. Waɗannan mutane suna kusa da mu, kuma sau da yawa abin da mutum ya ga zai iya shi yake ba su.

Iri na biyu ita ce ta asibiti, wadda ake kira gashin ƙashi, mai yin ta kuma likitan gashi. Sunan yakan ruɗi mutane, su zaci wuta kaɗai ake sa wa mutum. Aikin ya fi haka yawa. Likitan gashi yakan duba mai ciwo, ya gwada ƙarfin gaɓoɓinsa, sa'an nan ya zaɓi abin da ya dace: tausa da hannu, ɗumi, ƙanƙara, na'urar lantarki, ko motsa jiki. Shi ne mai koya wa wanda ya karye tafiya bayan an cire masa filasta. Shi ne mai koya wa wanda ɓarin jikinsa ya shanye yadda zai tashi zaune, ya riƙe cokali, ya taka.

Wannan aiki ya shigo Nijeriya a 1945, a asibitin ƙashi na Igbobi a Ikko, ta hannun Turawan Ingila. A 1966 Jami'ar Ibadan ta soma ba da digiri a kansa. A 1988 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar da ke yi wa masu wannan aiki rajista, tana ba su lasin, ana kiranta MRTB. Ku riƙe maganar lasin ɗin nan, domin a kanta batun biya ya rataya.

Inda ake samun aikin a Kano

Mutanenmu da ke shigowa birni ta hanyar Gwarzo, ta Kabuga suke shiga, watau ƙaramar hukumar Gwale. Gwale ta haɗa wani yanki na tsohon birni cikin ganuwa, kamar Mandawari, Diso, Galadanci da Goron Dutse, da kuma unguwannin bayan ganuwa kamar Dorayi. Mazaɓunta 10 ne. Masu zuwa cin rani da masu kawo marasa lafiya da yawa a nan suke sauka wurin 'yan'uwa da abokan arziki.

Daga Gwale manyan asibitocin da ke da sashen gashi ba su da nisa. Akwai Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a 1959. Akwai Asibitin Murtala a cikin birni. Akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988. Jami'ar Bayero, wadda tsohon matsuguninta yake daura da ganuwa a Gwale, tana cikin jami'o'in da ke horar da likitocin gashi. Sai dai kusa da asibiti daban, iya biyan asibiti daban. Gashi kuwa ba sau ɗaya ake yinsa ba. Mutum zai yi ta komawa mako bayan mako, kowace komawa da kuɗinta. Wasu masu barin gashi a tsakiya, kuɗi ne ya ƙare musu.

Mece ce inshorar lafiya?

Ku ɗauke ta kamar gayya. A gayya kowa yakan je gonar ɗan'uwansa, ran da tasa ta zo a zo masa. A inshora kowa yakan zuba kuɗi kaɗan a asusu ɗaya, wanda ciwo ya kama a yi masa jinya daga asusun. Ta bambanta da adashi, domin a adashi kowa yana da ranar kwasarsa. A nan wanda Allah ya ba shi lafiya shekara guda ba a mayar masa da kuɗinsa. Kuɗinsa ya yi jinyar wani.

Tun 1883 ƙasar Jamus ta yi dokar irin wannan asusu domin ma'aikata. Gana ta yi tata dokar a 2003. A Nijeriya an yi dokar a 1999, aka soma aiki da ita a 2005 da sunan NHIS, yawanci kuwa ma'aikatan gwamnatin tarayya ne suka amfana. A 2022 aka yi sabuwar doka, hukumar ta koma NHIA, dokar kuma ta ce kowane mazaunin ƙasa ya kamata ya kasance cikin wani tsari na inshorar lafiya. Akwai ƙofar da aka buɗe domin wanda ba ma'aikacin gwamnati ba, ana kiranta GIFSHIP, inda mutum ɗaya, ko iyali, ko ƙungiya za su iya biya su shiga.

Jihar Kano ta yi tata dokar a 2016, ta kafa Hukumar Taimakekeniyar Lafiya, watau KSCHMA. Tana da tsarin ma'aikata, da na masu sana'ar kansu, da na marasa galihu. Haka nan dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta keɓe aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko. Daga wannan asusu ne ake ɗaukar nauyin wasu talakawa, mata masu ciki, ƙananan yara da tsofaffi a ƙananan asibitocin mazaɓu.

Kada ku haɗa wannan da inshorar gona ta NAIC, wadda aka soma a 1987. Waccan hasarar amfanin gona da ta dabbobi take biya. Ba ruwanta da bayan manomi.

Yadda kuɗin ke tafiya

A kowace jinya ta inshora akwai ɓangare uku: mai ciwo, asibiti, da mai biya. A tsarin tarayya akwai kamfanonin da ke tsaye a tsakani, ana kiransu HMO. A tsarin jiha hukumar ce ko wakilinta.

Hanyar biya biyu ce. Ta fari ita ce kuɗin kai. Ran da kuka yi rajista za a ce kowa ya zaɓi ƙaramin asibiti ɗaya. Ana ba asibitin nan wani kuɗi a kan kowane mutum da ya zaɓe shi, ko mutumin ya zo ko bai zo ba. Da shi ake jinyar zazzaɓi, gudawa, awon ciki da makamantansu.

Ta biyu ita ce kuɗin aiki. Wannan na manyan ayyuka ne, kamar fiɗa da ganin babban likita. Asibiti yakan yi aikin tukuna, sa'an nan ya rubuta takardar neman biya ya aika. Gashin ƙashi a wannan layi yake. Watau likitan gashi bashi yake yi wa kamfanin aiki, yana jiran a biya asibitinsa daga baya. Wanda zai ba da bashi kuwa tilas ya tabbata takardunsa sun cika. Abin da ya sa ke nan za ku ga ma'aikacin asibiti ya tsananta a kan takarda alhali mutum yana tsaye da ciwo.

Matakai shida

Bari mu ce wani ɗan'uwa ya karye a hannu, an ɗora a asibiti, an cire filasta, amma gwiwar hannun ta sandare ba ta lanƙwasuwa.

1. Ya soma zuwa ƙaramin asibitin da ya zaɓa, da katinsa. Kada ya wuce kai tsaye zuwa Dala.

2. In mai duba shi ya ga ana bukatar gashi, zai rubuta masa takardar turawa zuwa asibitin da hukumar ta amince da shi.

3. Za a nemi izini daga mai biya. In sun yarda za su ba da lamba. Lambar nan ita ce alkawarinsu cewa za su biya. Ya kwafe ta a littafinsa.

4. Likitan gashi zai duba shi, ya rubuta sunan ciwon, da irin aikin da za a yi, da sau nawa za a yi shi.

5. Kowace rana aka yi masa aiki za a rubuta, shi kuma ya sa hannu ko ya dangwala yatsa.

6. Asibiti zai tattara takardun nan ya aika. Mai biya zai gwada su da jerin farashin da aka shirya tun farko. In sun yi daidai ya biya. In akwai kuskure ya rage kuɗin ko ya mayar da takardar.

In ciwon na gaggawa ne, kamar hatsarin mota ko faɗuwa da shanyewar jiki, ba a jiran takardar turawa. A kai mutum asibiti mafi kusa nan da nan, sa'an nan a sanar da mai biya da wuri.

Abin da ke sa a ƙi biya

Yawancinsu ƙananan abubuwa ne da ake iya kaucewa.

Sunan da ke kan kati ya bambanta da na fayil ɗin asibiti. Wannan yana yawan samun mutanenmu, domin mutum yana da sunan gida, da sunan baftisma, da sunan da aka rubuta masa a makaranta. Ku tsaya a kan suna ɗaya, wanda ke kan katin ɗan ƙasa.

Shekarar biya ta ƙare ba a sabunta ba.

An soma gashi kafin a sami lamba.

An je asibitin da ba ya cikin jerin hukumar, ko wurin wanda ba shi da lasin.

An wuce adadin zuwan da aka amince. Inshora takan ƙayyade sau nawa za ta biya. In likita ya ga ana bukatar ƙari, sai a sake neman izini kafin a ci gaba.

Akwai kuma lokacin jira. Wanda ya yi rajista yau ba gobe zai soma amfana ba, sai an ɗan jima. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku tambayi tsawon jiran tun ran da za ku biya.

Ku sani kuma, shiga inshora bai ɗauke kowane kuɗi ba. A tsarin tarayya an saba mai ciwo ya biya kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani. Kuɗin mota, abinci da masauki suna wuyan mai ciwo. Sandar dogarawa, keken guragu da ɗamarar baya, ku tambaya tun da wuri ko suna ciki. Kowane kuɗi kuka biya, ku karɓi rasit.

Me ya sa ba a biyan mai tausa na gida?

Ba don an raina shi ba ne. Mai biya yana neman abu uku: lasin da ke nuna hukuma ta san mai aikin, rubutun da ke nuna abin da aka yi, da farashin da aka shirya tun farko. Mai ɗori da mai tausa na unguwa ba su aiki da ko ɗaya cikin ukun. Haka nan masu buɗe shagon tausa domin hutar da gajiya, inshorar lafiya ba ta san da su ba.

A ƙasashen waje ma haka abin yake. A Jamus asusun lafiya yana biyan tausa, amma sai likita ya rubuta, mai ciwo kuma ya biya wani kaso. A Amurka inshorar gwamnati ta tsofaffi, Medicare, a tsarinta na asali ba ta biyan mai tausa, ko da yake tana biyan gashin asibiti.

Tausar gida tana da amfaninta ga gajiya da tsamin jiki. Amma akwai lokacin da hannu zai ƙara ɓarna. Kada a yi tausa, a tafi asibiti, in an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

Sha-raɓa ta kumbura, ta yi zafi, tana ciwo, ba tare da buguwa ba. Mai yiwuwa jini ne ya daskare a jijiya. In aka murza, gudan jinin yana iya tafiya huhu ya kashe mutum.

Baki ya karkace, magana ta sarƙe, hannu ko ƙafa ya mutu farat ɗaya. Awoyin farko su ne masu muhimmanci. Gashi zai biyo baya.

Ciwon baya tare da mutuwar ƙafafu, ko fitsari da bayan gida suna zuwa ba a sani ba.

Ciwon baya da ya daɗe, tare da rama, zazzaɓin dare da gumi. Tarin fuka yakan kama ƙashin baya.

Karaya mai rauni a buɗe. Haka nan in an ɗora wa yaro, yatsunsa suka kumbura, suka yi sanyi ko suka yi baƙi, a kwance ɗaurin a kai shi asibiti a ranar. Ɗauri mai tsanani yana tare jini, ya kai ga yanke hannu.

In mota ce ta buge mutum

Nan akwai wata hanya. Doka ta tilasta wa kowane mai mota ya yi inshorar da za ta biya wanda motarsa ta ji wa rauni. Wanda aka buge yana da haƙƙin neman kuɗin jinyarsa, har da na gashi. Amma sai da shaida: lambar motar, rahoton 'yan sanda, rahoton likita, da dukan rasit. Sau da yawa akan yi sulhu a bakin hanya, a karɓi ɗan abin da aka bayar, daga baya ƙafa ta ƙi warkewa. Yafewa abu ne mai kyau, amma ku bari likita ya faɗi girman raunin tukuna.

Aikin ƙungiya

Kun san labarin Basamariyen nan a Luka sura 10. Bai tsaya ga ɗaure raunin mutumin da shafa masa mai ba. Ya kai shi masauki, ya ba mai masaukin dinari biyu, ya ɗauki alkawarin biyan abin da ya ƙaru in ya komo. Mai masaukin ya yi jinya domin ya amince da mai biya. Ƙungiya tana iya zama wa 'ya'yanta wannan mai biya. Ga shawarwari.

Na ɗaya, ku aiki mutum biyu, namiji da mace, su je ofishin KSCHMA ko na NHIA a Kano. Su tambayi kuɗin shiga na shekara, da adadin mutanen da ake bukata kafin a karɓe ku a ƙungiyance. Su tambaya ko gashin ƙashi yana ciki, sau nawa, a wane asibiti. Su roƙi a ba su a rubuce. 'Yan'uwa da ke Katsina, Jigawa ko Kaduna su nemi hukumar jiharsu.

Na biyu, ku tara kuɗin da kaka, lokacin da rumbu yake cike. Wanda ba shi da kuɗi a hannu ya kawo hatsi, ma'aji ya adana, a sayar in farashi ya tashi.

Na uku, ku zaɓi mutum ɗaya mai iya rubutu ya riƙe littafin lafiya. A ciki ya rubuta sunan kowa yadda yake a kati, lambar katinsa, asibitin da ya zaɓa, da ranar da biyansa zai ƙare.

Na huɗu, ku ware ƙaramin asusu domin abin da inshora ba ta biya. Misali, ƙungiya mai mutum 40, in kowa ya ba da kwano 2 na masara, an sami kwano 80. Wannan zai rage wa mai jinya nauyin kuɗin mota zuwa birni. Gwauraye da marayun ikkilisiya su zama na farko, a kuma taimaka musu su nemi shiga tsarin marasa galihu.

Na biyar, duk wanda za shi gashi, wani daga gidansa ya raka shi ya koyi motsa jikin da likita ya nuna. Zuwa asibiti sau ɗaya ne ko biyu a mako, sauran kwanakin a gida ake aikin. Zumuntar mata da matasa suna iya karɓa-karɓa wajen taimakon dattijon da ba shi da kowa.

Na shida, ɗakin shan magani na ikkilisiya da ke son inshora ta riƙa biyansa, tilas ya nemi amincewar hukumar tukuna. In kuma gashi zai yi, sai ya sami mai lasin.

Na bakwai, mu riƙe gaskiya. Kada a ara wa maƙwabci kati. Kada a sa hannu a kan aikin da ba a yi ba, ko da ma'aikaci ne ya roƙa. Kuɗin asusun na sauran masu zubi ne, Kirista da Musulmi, waɗanda su ma guminsu suka zuba. Haka nan in an nemi ku biya abin da takarda ta ce yana ciki, kada ku yi faɗa a bakin taga. Ku rubuta rana da abin da ya faru, magatakardan ƙungiya ya kai kuka ofishin hukumar.

Tambayoyi domin taronku na gaba

1. Mutum nawa a ƙungiyarmu ciwon baya, karaya ko shanyewar jiki ya hana su noma a damina biyu da suka wuce? Wa ya biya jinyarsu?

2. Wane ƙaramin asibiti ne mafi kusa da mu wanda hukumar ta amince da shi?

3. Su wa za mu aika Kano, kuma yaushe za su kawo mana rahoto?

4. Kwano nawa kowane gida zai iya bayarwa da kakar nan?

Magatakarda su rubuto mana abin da kuka shawarta, domin sauran ƙungiyoyi su ƙaru da shi. Ubangiji ya ba mu lafiya, ya sa albarka a aikin hannuwanmu.